Giginyar da Ta Ƙi Tsawo

Har yau ranar da aka ba ni takardar tuhuma a kan bishiya ba ta fita raina ba. Lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, ina ƙaramin malamin daji a Kazaure, ni ke kula da lambun da muke rainon dashe. Helimanmu, wato shugaban leburori, shi ne Baba Ɗanjuma mutumin Roni, wanda ya girmi mahaifina.

Cikin dashenmu akwai wasu guda shida da wani tsohon shugabanmu ya kawo daga ƙasar waje. Ganyensu irin na giginya, a baje kamar mafici, amma shekara da shekaru ba su wuce ƙuguna ba. A rajista "giginya" kawai aka rubuta.

Sai aka turo mana sabon shugaba daga Kano. Ya duba rajista, ya dubi bishiyoyin, ya ce ba ma ba su ruwa. Washegari takarda ta iso, in yi bayani cikin kwana uku. A ƙa'idar aiki, idan amsarka ba ta gamsar ba, takardar za ta shiga fayil ɗinka, ƙarin girma kuwa sai wani lokaci. Ni ko a shekarar nake sa rai.

Kwana biyu ina rubutu ina yagewa. Baba Ɗanjuma ya ce, "Malam, ajiye biron nan. Roƙi Yallaɓai ya sake zuwa."

Da ya zo, tsohon ya rusuna ya gaishe shi, sannan ya ɗaga ganyen ɗaya daga cikin bishiyoyin. Ga 'ya'ya nan cunkus a gindi, ƙanana kamar dabino.

"Ranka ya daɗe, giginya ba ta 'ya'ya sai ta fi ɗaki tsawo. Waɗannan sun gama girmansu. Haka Allah ya yi su, kamar ni."

Baba kuwa gajere ne ƙwarai. Yallaɓai ya dube shi, ya dubi bishiyar, dariya ta ƙwace masa. Ya ce in mayar masa da takardarsa. Kafin ya shiga mota ya tambaya ko za ta rayu a tsakar gidansa, don kwatas ba fili. Baba da kansa ya je ya dasa masa ɗaya, daga nan matan ma'aikata suka yi ta aike a ba su iri.

Ku da kuke fara aikin nan, idan shuka ta ɗaure muku kai, ku fara tambayar mai zuba mata ruwa kafin ku buɗe rajista. Ni shekara biyu ina wuce bishiyoyin nan da littafi a hammata, ban taɓa sunkuyawa na ɗaga ganye ba.