Tsohon Sitiyarin Shagon Abdulsamad

Har yau idan aka ambaci Ɗan'azumi a tashar Gwaram, riɗin Baba Buba ne ke fara zuwa bakin mutane. Da hantsi abin ya faru, lokacin da aka yanke riɗi aka tsayar da shi dami-dami a gonaki yana shan rana. Direban Alhaji Manu zai koma Kano bayan damina mai zuwa, Alhaji yana neman wanda zai danƙa wa bas ɗinsa, Ɗan'azumi kwandasta kuwa ya ishe shi da naci. Sai Alhaji ya miƙa masa makulli, ya koma kujerar mai zaman banza, ya ce su ɗan taka ya ga hannunsa. Allah ya taimaka babu fasinja ko ɗaya.

A kan kwalta komai lafiya lau. Sai Alhaji ya ce a sauka a bi hanyar gonaki ta wajen Basirka, inda suke ɗauko kaya ranar kasuwa. Suna shan wata kwana mai yashi, bayan motar ya fara zamewa gefe. Ɗan'azumi ko gezau. Ya sassauta hannu a kan sitiyari, ya ƙara taka totur, har da ɗan murmushinsa.

"Kai! Mayar da hannu! Mayar!" in ji Alhaji, ya dafe hula.

"Kwantar da hankalinka Alhaji, yanzu za ta miƙe da kanta."

Ba ta miƙe ba. A karkace ta shiga gonar Baba Buba, ta bi layin riɗi tana kwasa. Busasshen riɗi kuwa ko akuya ce ta goge shi sai ya zube. Suka ji shi yana sauka a kan rufin mota kamar yayyafi. Tsohon ya taso daga gindin ɗorawa, ya zagaya motar, ya leƙo ta taga.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Da kun aiko za ku zo kakkaɓa, ai da na shimfiɗa tabarma."

An haifi Ɗan'azumi cikin azumin shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, kuma tun yana rarrafe ba a taɓa samun sa inda aka ajiye shi ba. A tsaye yake cin abinci. Ko a sahun salla sai ka ga yatsun ƙafarsa suna motsi. Ya taɓa faci, ya taɓa sayar da rake, ya yi acaɓa da babur ɗin aro, kowanne ya bar shi tun kafin a san shi da shi. Aikin kwandasta ne kaɗai ya riƙe shi, domin ofishin ma tafiya yake yi. Amma ya gaji da rataya a bakin ƙofa yana kiran "Birnin Kudu, mutum ɗaya!" Kujerar direba yake so, kuma matarsa Zulfa ta sha jin haka har ta haddace.

Idan suka sauke fasinja a Birnin Kudu suna jiran layi ya zo kansu, sauran kwandastoci kan shige ƙarƙashin mota su yi barci. Shi kuwa sai shagon Abdulsamad, mai gidan gem a bayan tasha. A can akwai wani tsohon sitiyarin roba na gwanjo da aka ɗaure a jikin tebur, da totur da birkinsa a ƙasa, ana wasan tseren motoci da shi a talabijin. Nan Ɗan'azumi ya yi suna. Kafin ya fara sai ya shiga wurin saiti a gaban kowa, ya kashe duk wani taimako da gem ɗin ke ba ɗan koyo, sannan ya waiwayo ya ce, "Kun dai gani ko?" Ya fi ƙwarewa a hanyar yashi. Motar za ta zame, ya ɗan sassauta hannu, ta miƙe sumul. Samari su yi ta tafi. Da wannan, da ɗan matsar da bas da yake yi a cikin tasha, ya tabbatar wa kansa ya gama zama direba.

Bayan abin da ya faru, kwana da kwanaki ya yi a gonar Baba Buba da tsintsiya da rariya, yana raba riɗi da yashi. Wannan bai dame shi ba kamar shirun Alhaji, wanda ya karɓi makullinsa bai ƙara ta da maganar ba. Ɗan'azumi ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce taya ce ta suɗe, ya je ya duba, taya garau. Ya ce sitiyarin bas ɗin ne ke da lalura, makanike ya kore shi. Ya zauna cin tuwo ya miƙe, ya fita ƙofar gida ya dawo.

"Malam, ko dai ka zauna ko ka fita," in ji Zulfa. "Labulen nan ya gaji."

Ana haka Abdulsamad ya sayo sabon sitiyari daga Kano, mai nauyi, mai juyawa kamar na mota. Ɗan'azumi ya ture yara ya zauna, don ya huce haushi. Kwanar farko ya daki katanga. Ta biyu ya juya yana kallon inda ya fito. Ya sake, ya sake, har gumi ya jiƙa masa riga.

"Wannan abin naka jabu ne!"

"Lafiyarsa ƙalau, mutumina," in ji Abdulsamad. "Wanda ya sayar mini ne ya buɗe mini ido. Wancan tsohon, gem ɗin bai ma san sitiyari ba ne. Ɗaukarsa yake kamar abin hannun nan da ake dannawa da babban yatsa. Masu gem kuwa sun san yatsa ba ya iya lallaɓa mota, sai suka sa taimako a ɓoye. Ka murɗa da yawa ya rage, bayanta ya zame ya mayar maka."

"Ni da nake kashe taimako? A gabanka fa!"

"Wanda aka rubuta kake kashewa. Wannan ba a rubuta shi ko'ina ba. Koma kan tsohon, in ka shiga kwana ka cire hannunka gaba ɗaya."

Ya koma. Ya shiga kwanar yashin da ya fi ƙauna, motar ta fara zamewa, ya ɗauke hannuwa ya harɗe su a ƙirji. Motar ta yi ɗan rangaji, ta miƙe sumul, kamar kullum. Abdulsamad ya rantse wannan ne karo na farko da ya ga Ɗan'azumi zaune babu abin da ke motsi a jikinsa.

Washegari ya sami Alhaji Manu a rumfarsa, ya durƙusa, ya kwashe labarin duka ya faɗa masa. Alhaji bai fahimci rabin zancen ba.

"Wato kana nufin talabijin ce take tuƙa ka?"

"Kusan haka ne, Alhaji. Ban iya ba. Amma ina so in iya."

Amma Alhaji ya ce wannan magana ta fi masa waccan ta cikin mota daɗin ji. Ya haɗa shi da direban mai shirin tafiya, duk dawowar da za a yi babu fasinja shi zai riƙe. Damina guda ya yi yana shan faɗa a cikin taɓo da yashi, har ya yi lasin. Da kaka ta zagayo aka ba shi makulli.

Yanzu babu direban da ya kai shi sanyin tafiya a hanyar Basirka. Hannu biyu a kan sitiyari, ƙam, ko gaisuwa da ka yake amsawa. Masu babur su wuce shi, fasinja su yi ta tsaki, wata tsohuwa ta taɓa tambayarsa ko ƙwai ya ɗauko. Duk rashin zaman nan nasa sai ya sauka yake biyan bashinsa, ya yi ta zagaye motar yana ƙwanƙwasa tayoyi.

Rannan yana cikin zagayen, wani ɗan kamasho ya ɗaga murya don 'yan tasha su ji: "Direba! An ce Baba Buba ya yanke riɗi, yana tambaya yaushe motar taka za ta je ta miƙe da kanta!"

Aka fashe da dariya. Ɗan'azumi bai ko tsaya ba.

"Ku yi dariyarku," ya ce. "Shekara da shekaru gem ɗin Abdulsamad yana taimakona, bai taɓa faɗa wa kowa ba, har ni. Ku kuwa ko turin mota kuka taya ni, kafin la'asar Gwaram kaf ta ji."