Kibiyar Da Ta Yi Tafiya Ranar Juma'a

Ni ba ɗan iska ba ne tun asali, duk wanda ya ce haka ya zo ya maimaita a gabana. Daga ƙauyenmu na taso da 'yar jakata da takardar gama sakandare, mota ta sauke ni a tashar Nyanya, a bakin Abuja. Na yi tallan ruwan leda a cikin gosulo, na yi dako, na sayar da cajar waya. Ba na shan komai, ba na wasa da salla. Waɗanda muke kwana ɗaki ɗaya ni suke bar wa ajiyar kayansu in za su koma gida noma. Na fara da wannan ne don ku samarin da ke karanta labarin nan ku daina zaton ɓarawo yana da wata kama ta daban. Irin fuskarku gare shi.

Wanda ya ɗauke ni daga bakin titi shi ne Oga Bitrus, mutumin Filato, mai shagon gyaran kwamfuta a bayan tasha. Ya lura kullum ina tsayawa ina leƙen hannunsa, sai ya ce in dai kallon nake so, in shigo in yi shi a zaune. Mutum ne mai faɗan tsiya, in ka ɓatar da ɗan ƙaramin noti sai maƙwabta sun ji labari. Amma kwano ɗaya muke ci, kuma bai ɓoye mini komai na sana'ar ba. Ranar Lahadi yana coci. Ranar Juma'a kuwa da rana yakan shiga gari sayen kayan gyara, ya miƙo mini makulli ya ce in rufe in tafi masallaci, kada Allah ya tambaye shi dalilin da ya hana ni.

Duk wanda ya san hanyar Nyanya zuwa cikin gari ya san tana cinye wa mutum yini. Saboda haka Oga yakan sa wa masu kawo mana aiki wata manhaja a kwamfutocinsu, wadda ake shiga kwamfutar mutum daga nesa. Mai ita zai karanto maka lamba ta waya, ka shigar a taka, sai ka ga fuskar kwamfutarsa a gabanka kamar kana zaune a kujerarsa. Ka motsa linzamin kwamfuta a Nyanya, 'yar kibiyar nan ta motsa a Wuse. Dokar Oga ɗaya ce: ba a shiga sai mai kwamfutar yana zaune yana kallo, in an gama a fita, a sa shi ya canja lambar.

"Wannan abu, makullin ɗakin kwana ne mutum ya ba ka," in ji shi. "Ka shiga ka gyara fanka, ka fito. Ba ruwanka da durowa."

To amma manyan mutane ba sa son wahala. Da yawansu cewa suke yi a bar musu ita a buɗe da lamba ɗaya, kada a riƙa damunsu da kira. An ba kura ajiyar nama ke nan, ko da yake a lokacin ban san ni kura ba ne. Da farko hotuna kawai na leƙa, na ga irin gidajen da suke kwana. Daga nan na fara karanta saƙonni. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai daɗi. Ni da maigadi yake kora daga bakin get saboda silifas ɗina, ga ni a tsakiyar ofis ba wanda ya ce mini daga ina.

Bakina ne ya fara kai ni. Na cika shi a teburin mai shayi, na ce akwai ofisoshin da nake shiga ba tare da na hau mota ba. Wani mutum da ake kira Ɗan Gayu, wanda ba wanda ya san sana'arsa amma kullum shaddarsa a goge take, ya biya mini kuɗin shayin ya ja ni gefe. Ya tambaye ni ko a cikinsu akwai masu sayar da filaye. Na ce akwai ofishin wani Alhaji. Ya ce aikina kaɗan ne: in shiga, in sauya lambar asusun da ake tura wa masu sayen fili, sauran ya rage nasa. Ya ce Alhaji ba zai ji ko a jikinsa ba. Ban tambaye shi su masu sayen filin fa ba, domin ba na son jin amsar.

Ni da kaina na zaɓi lokacin, kuma har yabon kaina na yi. Na ce lokacin sallar Juma'a, Oga ya shiga gari, Alhaji da yaransa suna masallaci. A garinmu, in liman ya hau mumbari, ko akuya ka saka a shagon mutum ba mai korar ta. Sai in kulle shago ta ciki, ina jin huɗuba daga lasifika, ina yawo a kwamfutar Alhaji. Na yi an dace, na sake an dace. Na sayi takalmi, na sayi waya, na fara gaishe da tsofaffin abokaina da hannu ɗaya.

Abin da na manta shi ne nan Abuja ce, ba ƙauyenmu ba. Ni da nake cin abinci kwano ɗaya da Kirista kullum, ban taɓa kawo wa raina cewa Alhaji ma yana da nasa ba. Sakatariyarsa, Madam Rifkatu, ba ta zuwa masallaci. Ashe da can takan fita cin abinci a lokacin, shi ya sa nake samun fili. Ran nan aka yi ruwan sama, ta zauna a ofis. Ina cikin aikina sai na ji kibiya ta ƙi bin hannuna. Na ja ta dama, ta koma hagu. Na ɗauka intanet ce ke wasa da ni. Ina kallo ta tafi ita kaɗai, ta buɗe farin shafi, haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya: Wane ne wannan? Na fizge wayar wuta daga bango, amma Madam Rifkatu ta riga ta ɗauki komai a wayarta. Kuma manhajar tana nuna sunan kwamfutar da ta shigo. Sunan shagon Oga Bitrus ne a jiki.

Na gudu Orozo, na ɓuya a gonar wani ɗan garinmu. A can labari ya same ni cewa 'yan sanda sun tafi da Oga, sun kwashe kayan shago. Na kira Ɗan Gayu. Ya yi dariya, ya ce in kwantar da hankalina, ai sunana ba ya ko'ina, tsohon ne zai ɗauka. Ya ƙara da cewa mene ne nawa a ciki, ba garinmu ɗaya da shi ba, ba addininmu ɗaya ba. Na kashe wayar. Da na kira mai shayi kuma, ya ce an yi ta tambayar Oga wa ke taɓa kwamfutar in ba ya nan, Oga ya ce shagonsa ne, ba zai kama sunan kowa ba sai ya ji daga bakin mutumin.

Ku ji da kyau, domin a nan ne ba na yarda a canja mini labari. Ba kama ni aka yi ba. Ba wanda ya bi sawuna. Da ƙafata na hau acaɓa, na shiga mota, na je ofishin 'yan sanda na ce ni ne. Na tarar da Oga zaune a benci bayan kanta, ba takalmi, ba bel, gemu ya fito masa fari. Na yi zaton zai zage ni, na ma fi son haka. Kallona kawai ya yi.

"Juma'a ne fa," in ji shi. "Na ce ka tafi masallaci."

Kunyar da na ji a wurin nan ta fi mini gidan yarin zafi. An yanke mini hukunci, na yi zamana. Ɗan Gayu ya ɓace kamar bai taɓa shan shayi a Nyanya ba. A ciki, da 'yan ɗakinmu suka ji cewa ni na kawo kaina, suka sa mini suna wawa. Wani ma cewa ya yi da shi ne da yanzu yana Legas. Na ce masa ai ga shi nan tare da wawan, kan tabarma ɗaya. Wautar da na yi a rayuwata ita ce shiga kwamfutar Alhaji, amma zuwana wurin 'yan sanda, ko yau aka mayar da ni zan sake.

Da na fito na tarar shagon ya koma hannun mai sayar da taya. Ba wanda zai sake ba Oga kwamfutarsa bayan abin da ya faru, ko da yake kotu ta wanke shi. Na same shi ƙarƙashin lema a bakin tasha yana gyaran wayoyi. Na durƙusa na nemi gafara. Ya amsa gaisuwata, ya ce ya ji, amma bai ce in zauna ba, ni ma ban ga laifinsa ba. Na je wurin Alhaji ya ƙi ganina, wannan ma hakkinsa ne. Na koma Orozo na kafa tebur. Duk wanda ya kawo mini aiki, kafin ya ajiye nake gaya masa cewa na yi gidan yari kuma ga dalili. Wasu su ɗauki kayansu su tafi, Allah ya raka taki gona. Yaran unguwa suna kirana Mai Kibiya. Ina amsawa, ai ni na saya da kuɗina.

Damina ta wuce, wata ta zo, ban ji daga Oga ba. Ran nan wayata ta yi ƙara. Ya ce kwamfutar da ta rage masa ta rikice, idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, kuma ba zai rufe lema ya zo Orozo ba. Kafin in ce wani abu na ji ya fara karanto lamba. Na shigar da ita. Fuskar kwamfutarsa ta buɗe a gabana.

"Oga, kana zaune?" na tambaya.

"Ina nan. Ina kallon kibiya."

Na gyara abin da ya kira ni dominsa, ban kalli ko gefe ba, na fita. Na ce ya canja lambar yanzu ina kan waya. Ya ce ba sai an canja ba. Na ce wallahi sai ya canja, ai dokarsa ce. Ya yi tsaki, ya ce yaron nan har yanzu taurin kai, sannan na ji yana danna madannai.

Ku samari, ban zo neman tausayinku ba, kuma ban ba kowa izinin raina ni ba, na biya abin da na ci. Abin da nake gaya muku shi ne, ranar da wani ya karanto muku lambarsa, amanarsa ya miƙo muku. Ku gyara abin da aka kira ku dominsa, ku fito. Kada ku ce leƙe ne kawai, ni ma da leƙe na fara. In wani mai gogaggiyar shadda ya ce muku ba wanda zai gani, ku tuna akwai mutum zaune a ɗaya gefen, kuma sunan da zai fito a fuskar kwamfutar ba lalle ya zama naku ba. Nawa bai fito ba. Na mutumin da ya ciyar da ni ne ya fito, kuma har gobe a ƙarƙashin lema yake.