Hutun Da Yaya Ya Zo Da Littafin Sanskirit

Har yau in na ji warin takarda tana ƙuna, sai abinci ya fita raina. Bari in gaya muku dalili.

A unguwar Hindawiyya, a birni mai tsarki, aka haife ni. Baba Bakano ne, ya zo Hajji a ƙafa bai koma ba, ya zauna yana ɗinkin jallabiya. Yaya, babban wana, shi ke yi wa alhazan Indiya tafinta, har wani dattijo cikinsu ya ga kaifin kansa, ya tafi da shi jami'a a ƙasarsu. Baba ya sa masa albarka, a zatonsa Hadisi kaɗai zai karanto.

Bayan shekara biyu ya zo hutu, cikin zafin nan da ruwan tulu ke zama kamar shayi. Ina 'yar shekara takwas. Kullum da hantsi yakan zauna a inuwar katanga da wani littafi mai haruffa a rataye, kamar wanki a igiya. Ya ce mini sunan harshen Sanskirit, yanzu ya fara koyonsa, don ya karanta addinan mutanen can daga bakin littattafansu, ba daga bakin masu zaginsu ba. Yana bitar darasi, ina bin sa: dewa, dewau, dewaa. Daɗin rerawa ya yi mini, shi ke nan.

Ranar wata Juma'a, Baba na cin abinci da maƙwabta, na shigo da buta ina rerawa.

"Wannan wace waƙa ce?" in ji Baba.

Yaya bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Nahawu ne, Baba. Tilo, biyu, jam'i, kamar a Larabci."

"Tilon me?"

Ya sunkuyar da kai. "Abin bauta."

Wani maƙwabci ya tsame hannu daga akushi yana istigfari. Baba ya ce, "A garin nan, ya waladi, ya ɗana? Ka sa wa ƙanwarka alloli uku a baki?" Da kansa ya kai littafin murhun Inna. Yaya na tsaye, bai miƙa hannu ba. Yayan da bai taɓa fashin sallar jam'i ba, daga ranar babu mai tsayawa kusa da shi a sahu.

Bayan Arfa ya bi alhazai zuwa Jidda, ya hau jirgin ruwa ya koma Indiya. Wasiƙunsa uku sun zo, Baba bai buɗe ko ɗaya ba. Ta huɗu wani ne ya rubuto, ita aka buɗe, aka ga cewa zazzaɓi ya ɗauke shi, an yi masa salla.

Yanzu gidan namu an rushe shi. Jikokina ko Hausa ba su cika ji ba, ɗaya ma tana ƙasar waje tana karanta abin da ta ga dama, iyayenta na alfahari da ita a gaban baƙi. Ni kuwa na tsufa ban san inda kabarin wana yake ba.