Mota Ɗaya Tsakanin Ƙungiyoyi Biyu

Wani abokin aikina ne ya ja ni kallon tseren mota, a wani fili da ke hanyar Buji, bayan an gama cire gero. Tsofaffin tayoyi aka jera aka yi kwana-kwana, kowa ya shiga shi kaɗai a duba lokacinsa. Tun daga ranar zama ya gagare ni. Ina ofis hankalina na filin. Ko a bakin titi na tsaya, mota ta wuce sai na bi ta da kunne.

Ƙungiyoyi biyu ne ke shirya abin. Tamu ta Dutse tana da ajin da suke kira motar gida: ba a canza inji, kuma kujeru su kasance duk suna nan. Ɗayar ta 'yan Kano ce, su kuma ba sa barin mota ta hau filinsu sai an ɗaura mata kejin ƙarfe a ciki, saboda ko ta kife. To yawancin masu sa kejin nan sai sun cire kujerar baya. Ni kuwa duka biyun nake son shiga, ga shi mota ɗaya zan iya, garejin gidanmu na Takur ma ba zai ɗauki biyu ba.

Na yi watanni ina yawo wajen dillalai. Wannan inji ya yi girma, waccan an yanke mata baya. Ina cin abinci ina duba hotuna a waya, har uwargida ta gaji.

"Baban yara, tuwon nan fa ya huce. Motar ce za ta ci ko kai?"

Na ajiye wayar, ban jima ba na sake ɗauka.

Ana nan sai dillali ya kira ni, wai akwai wata a Kafin Hausa, a gidan wani dattijo mai sayar da riɗi. Ranar Asabar na hau bas. Na tarar da ita a ƙarƙashin darbejiya, ja ce, ƙirar Jamus, kaji sun ɓata mata gilashi. Na leƙa ciki. Ga keji an ɗaure da noti a bayan kujerun gaba, ga kuma kujerar baya tana nan.

"Ta ɗana ce," in ji dattijon. "Na hana shi, bai hanu ba. Sai da ya yi aure ya bar ta don kansa. Kai kana da iyali?"

"Ina da su, Alhaji."

Ya ce, "To Allah ya tsare. Ni dai a fitar min da ita."

Na tambaye shi ko an taɓa injin, ya ce shi riɗi ya sani. Na koma gefe na kira mai duba motocin 'yan Kano, na kwatanta masa, ya ce ta yi. Na kira shugabanmu na Dutse, ya ce sai ya gani da idonsa. Na zagaya motar nan ban san iyaka ba, na buɗe gaba na rufe, na tafi masallaci na dawo. Bayan la'asar na saya. A hanyar dawowa kowace ƙara na ji sai na tsaya na duba.

Ranar duba motoci a filinmu, inji ya wuce lafiya. A kujerar baya aka tsaya. Wani ya ce ƙarafan sun tare ta, ai kujerar da ba a iya zama a kanta ba kujera ba ce. Wani ya ce doka cewa ta yi kujera ta kasance, ba ta ce a zauna ba. Aka yi ta ja, ni ina tsaye a gefe.

Shugaba ya ɗaga hannu. "A bar musu. Idan mutum ya zauna aka rufe ƙofa, motar ta shiga."

Sai ya nuna ma'ajinmu, wanda duk cikinmu babu mai jikinsa. Bawan Allah ya cire hula ya miƙo min, ya sa kai ta ƙarƙashin ƙarfe, ya ja ciki, ya naɗe ƙafa. Na tura ƙofar a hankali har ta kama.

"Na zauna," ya ce daga ciki. "Amma ku yi sauri."

Fito da shi ya fi shigar wuya, sai da muka zuge kujerar gaba.

Ranar na yi zagayena na farko. A kwana ta biyu na taka tayoyin gefe, mota ta mutu, na tayar na ƙarasa. Mutum ɗaya kawai na fi. Na fito ina dariya ni kaɗai.

Ban gama murna ba abokin nan nawa ya matso ya ce ya ji 'yan Kano za su canza doka baɗi, keji sai cikakke har gaba. Ina wanke motar da yamma ina auna cikinta da ido, ina lissafin inda sabon ƙarfe zai bi.