Yarinyar da Na Koya wa Gaisuwa

Na fi shekara ashirin ina koyar da Hausa a wata sakandare a Birnin Kudu, kuma ban taɓa barin ɗalibi ya shigo ajina ba sallama ba. Na faɗi haka tun farko don a san irin mutumin da 'yata ta biyu ta haɗu da shi a matsayin uba.

Tun tana firamare take zane. Da ta gama sakandare na kawo mata takardar neman shiga kwalejin horon malamai, sai ta roƙe ni in ba ta shekara biyu, wai akwai abin da take haɗawa. Abin wasan waya ne, irin wanda yara ke kira gem, amma nata ba na harbe-harbe ba ne, labari ne ake bi. Kowa a garinmu ya san shanun nan da mutanen dā suka zana a jikin duwatsu, waɗanda ake kai 'yan makaranta su gani. A labarinta wata yarinya ce saniyar gidansu ta ɓata, ta bi sawu har gindin dutse, ta tarar saniyar ta koma zane a cikin 'yan'uwanta. Dole ta shiga cikin dutsen ta fito da ita. Duk wani itace da kwazazzabo da ke cikin wasan da fensir ta zana shi a takarda, ta yi masa launi, ta ɗauki hotonsa ta shigar a tsohuwar kwamfutar da kawunta ya ba ta. Uwarta ta yi faɗan ɓawon fensir a kan tabarma har ta gaji ta daina.

Ana cikin haka ta ji labarin wata gasa a Kano ta masu irin wannan aiki, wanda duk aka zaɓa za a ɗauke shi horo na shekara guda. Muka yi alkawari ni da ita: in an zaɓe ta, na ƙyale ta da zanenta; in ba a zaɓe ta ba, kwaleji. A raina kwalejin nake so, amma na ɗauki kaina adalin uba, don haka har addu'a na yi mata.

Matsalar ta fara ne a Gwaram, ranar da muka je bikin suna gidan yayata. Na shiga cikin gida in yi musu sallama za mu tafi, na tarar mata sun yi da'ira, Yaya ta riƙe wayar 'yata can nesa da fuskarta tana kallo. A cikin wasan yarinyar ta iso wajen wani tsoho a gindin tsamiya, ta tsaya ƙerere a kansa ta tambaye shi ko ya ga wata jar saniya.

"Wannan kuma 'yar gidan waye?" in ji Yaya. "Ta tarar da dattijo a zaune, ko ina wuni babu?" Sai ta ɗago ta dube ni. "Kuma wai kai ne malamin Hausa."

Matan suka kwashe da dariya. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegarin komawarmu gida kuwa na sanar da 'yata cewa daga yau duk maganar da za a yi a cikin wasan ni zan rubuta.

Da farko sallama da ina wuni kawai na sa. Amma wanda ya san abu ba ya iya yinsa rabi. Na lura yarinyar kan wuce maƙeri yana tsakiyar aiki, ai kuwa dole a yi masa sannu da aiki. Makiyayin da ke hanyar Kangire sai an tambaye shi shanu, manomi a tambaye shi ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara. Kowa kuma yana da iyali, yana da gajiya, kuma shi ma sai ya mayar da tambaya. Na ƙara wata mata mai takaba don yara su koyi gaisuwar mutuwa. Har hankakan da ke nuna hanya ban ƙyale ba, na ce dabbar da ta iya magana ta cancanci a tambaye ta kwanan iyali. A kowace gaɓa mai wasa zai zaɓi abin da ya dace a faɗa daga cikin uku. In ya kuskure, a mayar da shi ƙofar gida ya sake fitowa da ladabi. Mutum goma sha ɗaya na jera tsakanin gida da dutse. Kuma tunda ba a gaida babba a tsaye, 'yata ta kwashe mako guda tana zana yadda yarinyar za ta durƙusa ta miƙe.

Ta nemi in yarda a sa wani ɗan maɓalli a gefe, wanda ya gaji ya danna ya tsallake. Na yi mata lacca ta kusan rabin awa, na ce maɓallin tsallake gaisuwa shi ne ainihin abin da ya lalata yaran zamani. Sau ɗaya tak ta sake ɗaga maganar.

"Baba, minti goma sha biyar fa alƙalan za su ba kowa."

Na ce mai tarbiyya zai gaida mutum goma sha ɗaya a cikin minti goma sha biyar har ya sami ragowa. Ta sunkuyar da kai ta ce to. 'Ya'yana ba sa musu da ni, kuma a lokacin ina yawan yin alfahari da haka a majalisa.

Ranar gasar na raka ta Kano da babbar rigata ta Sallah. Alƙalai uku ne, maza biyu da mace ɗaya. Da yarinyar ta durƙusa gaban tsohon nan na gindin tsamiya, babbansu ya yi dariya ya ce ga al'ada nan tsantsa. Na gyara zama yadda kowa zai gane aikin waye. A kan mutum na uku dariyar ta ragu. Da aka zo kan mai takaba wayar tana hannun macen, wadda da alama ba a nan ta tashi ba, sai ta zaɓi barka da hutawa. Wasan ya ɗauke su cak ya dire a ƙofar gida. Suka sake gaida tsoho, suka sake tambayar maƙeri iyali. Suna kan mutum na shida, wata mai gyaɗa, aka kaɗa ƙararrawa. Dutsen yana can a ƙarshen allo, bai fi girman goro ba.

Babban alƙalin ya ce wa 'yata, cikin kirki, wannan zai yi amfani ƙwarai wajen koya wa 'yan firamare gaisuwa. Ni har godiya na yi masa. Ita kuwa ta naɗe wayar caji ta sa a jaka.

Ba a zaɓe ta ba. Ban ma tuna mata alkawari ba, da kanta ta ɗauko takardar kwalejin ta cike. Ni kuma na yi ta gaya wa mutane cewa alƙalan ba su san darajar al'ada ba, mutane suna gyaɗa kai.

Sai bayan ta tafi da wata biyu, wata rana bayan la'asar ina zaune gindin darbejiyar ƙofar gida ba abin yi, na buɗe wasan a wayata. Gaskiyar magana, ban taɓa buga shi ba. A takarda nake rubutawa in miƙa mata. Duk amsoshin na sani tunda ni na ƙirƙiro su, amma kafin in kai mutum na bakwai na kama babban yatsana yana lalube a kusurwar allo, yana neman maɓallin nan. Hankakan kuwa, da ya fara ba ni labarin lafiyar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, tsaki na ja masa a fili, har mai wucewa ya waiwayo. Sai da na kusa cin awa guda kafin in isa gindin dutse.

A cikin dutsen ba mai magana. Sama ja ce kamar jan dutse, shanu masu dogayen ƙahoni suna kiwo a jikin bango, kogi yana gudu zuwa sama. Ciyawar sili-sili aka zana ta, a wani wurin ma ana ganin inda ta goge ta sake. Kwana uku na yi ina bi, daga wannan kogo zuwa wancan, kuma duk inda na shiga ya fi na baya. Gaisuwata ko kashi ɗaya cikin goma na wasan ba ta kai ba, amma ita ce ta tsaya a bakin ƙofa. Kunya ta kama ni, wadda ta fi ta Gwaram nesa ba kusa ba.

A ƙarshe yarinyar ta sami saniyarta a wani fili mai ɗanyar ciyawa, ta yi ƙiba, ba ta son komawa. Wasan ya ba ni zaɓi biyu: in ja igiya, ko in kwance ta in tafi. Ban tsaya tunani ba na ja, don ai abin da ya kawo mu ke nan. Saniyar ba ta yi gardama ba. Ta biyo mu har gida, ta shiga turke, ta tsaya tana kallon wajen dutse.

Na kira 'yata a waya. Ta fara gaishe ni, na katse ta na ce na kai ƙarshe. Na ce in an sake gasar baɗi za mu cire duk abin da na sa, ko sallamar ma in tana so. Ta ce ta bar wa wata ƙawarta kwamfutar tana buga aikin makaranta, kuma gobe suna da jarrabawa. Sannan ta ce:

"Kai ne na farko da ya taɓa kaiwa can, Baba. Wanne ka zaɓa?"

Na ce mata kwance igiyar na yi. Ta ce ita ma shi ta fi so, ta ce in gaida Inna, ta kashe wayar.