Kwalbar Masarar Dakta Mannir

Duk wanda ya san Dakta Mannir ya san kwalbar nan tasa. Kwalbar zuma ce mai faɗin baki, ya wanke ta ya shanya, yana yawo da ita a jakar kwamfuta kamar wani maganin gado. In ya zo hutu gida Mairuwa, da an sallame sallar asuba ba ya tsayawa hira da kowa. Sai ya zaga bayan ɗakin mahaifiyarsa, ya hau kan tsohon turmin da aka kife, don nan ne kaɗai wayarsa ke kama sabis. Ƙato da shi, da furfura a gemu, ya ɗaga waya sama yana lilo a kan turmi. Can sai ka ji ya kwaɗa ihu: "An ambace ni!" Ya diro, ya ɗauki ƙwayar masara ɗaya ya jefa a kwalba.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take. Masani zai yi bincike ya rubuta, a buga a mujallar masana. In wani masanin a wata ƙasa ya zo rubuta nasa, ya kafa hujja da naka, ya sa sunanka a jerin waɗanda ya dogara da su, to an ambace ka ke nan. Akwai shafin da ke ƙirga wannan a intanet, kuma da shi suke auna junansu. Shi Mannir aikinsa a kan ciwon dajin hanta ne: yadda wani abu ke lalacewa can cikin ƙwayar halittar jiki, har ta manta da mutuwa ta yi ta hayayyafa. Kowane ambato, ƙwayar masara ɗaya.

Ranar da Gwaggo, wato mahaifiyar tasa, ta fara jin ihun nan, da ludayi a hannu ta fito.

"Wa ya ambace ka?"

"Wasu mutane ne a Japan, Inna."

"Da alheri ko da sharri?"

"Da alheri."

"To sauka min daga turmi, kahin su ambace ka da karaya."

Ni kuwa Rabe ne, taubashinsa, Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Kuma tun da mutumin ya riga ya tafi, bari in faɗi gaskiya: hassada nake yi masa, kuma ba yau na fara ba. Aji ɗaya muka yi tun firamare har jami'a, ni nake zuwa na ɗaya. Mannir da nake yi wa bayanin darasi a kan hanyar rafi! Amma shi ya samu hanya ya fita waje, ya dawo ana Dakta, Dakta, ni kuma na ƙare ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Faskari, da alli har cikin hanci. Takarda ɗaya tak na taɓa bugawa a duniya, daga aikin digirina na biyu. Damina biyu na yi ina leƙa rumbunan mutane a Tafoki da Mabai, ina duba yadda masara ke yin fumfuna in an zuba ta ba ta gama bushewa ba. Kare ya bi ni, kunama ta harbe ni. Takardar ta fito a wata ƙaramar mujalla, kuma daga ranar ko mutum ɗaya bai ambace ta ba. Ni ma ina duba shafin nan, sai dai ni a ɓoye nake yi, kuma kullum sifiri nake tararwa.

Abin da ya fi ba ni haushi da Mannir shi ne godiyarsa. Shi a wurinsa, wanda ya ambace ka kamar wanda ya zo maka suna ne ko biki, dole a bi shi da ban gajiya. Duk wanda ya sa sunansa a takarda, sai ya nemo adireshinsa ya tura masa imel. Ba gajere ba kuwa. Sai ya tambayi lafiyarsa, da iyali, da yara, da gajiyar aiki, da yadda damina ta yi a wajensu. Turawa suka yi ta mamakin wannan mutum. Wani ya taɓa amsa masa da cewa shi ba shi da iyali, kyanwa kawai gare shi. Daga nan duk wasiƙar da Mannir zai rubuta masa sai ya ce a gaida kyanwa.

Wata rana na ci karo da abin da ya wanke mini zuciya. Wata farfesa a Turai ta buga takarda, ta ɗauki wani sakamakon Mannir ta yi masa filla-filla, ta nuna ya yi kuskure a gwajinsa. Wayyo daɗi! Ban ko gama shan koko ba na hau babur sai Mairuwa, don ya zo hutu a lokacin. Na tarar da shi a zaure yana rubutu.

"Dakta, ashe abin da ya hwaru ke nan? Sannu hwa. Allah shi kyauta gaba."

"Ka gani kai ma? Ita nike rubuta ma godiya."

"Godiya? Matar da ta tsige ka kamar kaza?"

Ya ɗauki masara ya jefa a kwalba a gabana, har na ji ƙararta. "Rabe, matar nan sai da ta karanta ni har shahi na ƙarshe kahin ta ƙaryata ni. Kuma gaskiya gare ta. Kai wa ya taɓa ƙaryata ka?"

Na koma Faskari ban ci abincin rana ba.

Allah ya rama mini ta hannun Gwaggo. Wata shekara ya manta kwalbar a ɗakinta ya koma bakin aiki, a lokacin ta kusa cika. Ruwa ya sauka, Gwaggo ta ga iri a ajiye ba mai shi, ta ɗauka ta shuke shi kaf a bayan gida. Da ya dawo sai ya tarar da kwalbarsa cike da man gyaɗa.

"Inna, ina masarata?"

"Ga ta can ta kai ƙugu."

"Inna! Aikin shekara goma sha ne hwa!"

"Shi ya sa rabi bai tsiro ba. Wa ya ce maka ana aje iri haka?"

Ina wurin, kuma ban taimaka ba. Na ce ai waɗanda ba su tsiro ba su ne wuraren da ya ambaci kansa da kansa. Ya harare ni ya ce shi bai taɓa sa wa kansa masara ba, in ya ambaci kansa tsakuwa yake sawa, don ya san nauyin abin kunyarsa. Gwaggo ta ce ai kuwa ta tsince tsakuwa ta kai cikin tafi. Da kaka ta yi, ni na fara zuwa. Na gasa biyu manya na ci a gabansa, ina ce masa ban taɓa sanin ilimin Japan na da zaƙi haka ba. Shi kuwa ya zauna da wayarsa ya sake ƙirgo masararsa ɗaya bayan ɗaya daga sabon girbin, ya mayar a kwalba.

To, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na roƙe shi. Mun je ɗaurin auren wani ɗan uwa a Sabuwa, muna dawowa a motarsa mu biyu, na yi ta kewaye-kewaye har muka kusa gida, sannan na daure.

"Mannir, ba ka sa 'yar takardar nan tawa cikin taka ko sau ɗaya? Layi ɗaya ne hwa. Wa zai sani?"

Ya rage gudu. "Ni zan sani."

"Haba ɗan Gwaggo."

"Rabe, in ƙoda kake so, biyu gare ni, zo ka ɗauki ɗaya. Amma ba a ambaton mutum don zumunci. Aikina cikin ƙwayar halitta yake, naka cikin rumbu. Mi ya haɗa su?"

"Hanya ɗaya muka bi zuwa makaranta."

"Ba a rubuta wannan a mujalla."

Na ce ya tsaya in sauka. Ya tsaya kuwa, don shi ba ya musu da mai fushi. Na sauka a tsakiyar gonaki da babbar riga, na yi tafiyar da ta fi ƙarfin takalmina, shi kuma yana bina a baya da mota a hankali, kamar mai kora saniya, har bakin gari. Wata huɗu ban ɗaga wayarsa ba. Shi ko a jikinsa, duk Juma'a sai ya turo mini saƙo: yawan masarar da ke cikin kwalba, da gaisuwa ga iyali.

Mun shirya daga baya, amma maganar ba ta sake tasowa ba. Abin da na lura kawai, shekarun nan na ƙarshe in ya zo sai ya riƙa yi mini wasu tambayoyi. Wane wata manoma suka fi zuba masara da danshi? Ta ƙasan rumbu ta fi yin fumfuna ko ta sama? Wadda ta lalace zubarwa ake yi, ko ita ake kai wa niƙa a ci a gida? Na ɗauka tsokana ce, ina ba shi amsa a daƙile.

Ciwon kwana tara ya yi. Kun san sauran, da yawanku kuna wurin jana'iza.

Bayan an share makoki Gwaggo ta aiko in zo. Ta tsufa a 'yan kwanakin nan fiye da yadda ta tsufa a shekara goma. Ta jawo jakarsa ta fito da wata 'yar kwalbar turare, ƙarama kamar yatsa, an naɗe ta da takarda.

"Ya ce in ba ka in abin ya hito. Ni ban san ko mi ne ne zai hito ba. Na gaji da jira."

Ƙwayar masara ɗaya ce a ciki. A takardar kuma, da wannan mummunan rubutun nasa: "Rabe, dafin fumfunar masara shi ke lalata abin da nake bincike a kai a cikin hanta. Na nemi wanda ya shiga rumbunan mutanenmu ya duba, ban samu kowa ba sai kai. Rumbunan da ka duba sun yi kaɗan, kuma na faɗi haka a takardar da na ambace ka a ciki. Ba don zumunci ba ne."

Kun ji mutum! Ko a nan sai da ya soke ni.

Takardar tasa ta ƙarshe ta fito bayan wata biyu. Ranar na je Mairuwa, na zaga bayan ɗakin Gwaggo, na hau turmin nan da kaina, ni da ciwon gwiwa. Na buɗe shafin. Inda na saba ganin sifiri, sai ga ɗaya. Na buɗe baki in yi ihun nan nasa, sai na fasa. Abin da ya zo mini shi ne, a ƙa'idarsa yanzu ni ke da zuwa ban gajiya. In tambaye shi lafiya, da iyali, da gajiyar aiki. Na tsaya a kan turmi da waya a hannu, ba inda zan tura.

Babbar kwalbar tana nan a ɗakin Gwaggo, kuma ta ɗora mini aikin. Duk Juma'a in na je gaishe ta sai ta ce, "Hau ka dubo mana." Mutumin nan yana kwance a maƙabarta amma ba a daina ambatonsa ba, wani makon uku, wani makon biyar. Ni nake ƙirgawa, ni nake jefawa, ina yi ina tsaki, tawa kuwa har yau ɗaya ce. Ta ishe ni. Ban shuka ta ba, kuma na ɓoye ta inda Gwaggo ba za ta gani ba.

Allah ya jiƙan Mannir, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na riƙe a zuciya a kansa. Ya sa abin da ya bincika ya zama sanadin lafiyar wani. Godiyar da ban samu na yi masa ba, ya Allah ka isar masa da ita, ka ambace shi cikin bayinka na gari. Amin.