Tanderun da Inna ta gina wa Madam

Shekarar da aka tura Malam, mijina, koyarwa a wata sakandare a Gummi, katanga ɗaya ta raba mu da wani malamin kimiyya Ba'indiye da matarsa. Lokacin Indiyawa sun yi yawa a makarantun ƙasar Sakkwato. Kowa Madam yake ce mata, ni ma na bi sahu. Watan farko gaisuwa kawai muke yi ta kan katanga. Ba zan ɓoye ba, hancina ne ya kai ni gidanta.

Ni da nake ji da kaina a miyar kuka da ta sure, sai na ga ashe ban san albasa ba. Madam takan tsaya a kan albasa tana juyawa har ta yi ja, sannan ta zuba citta da tafarnuwa, sannan kurkum da kirfa da kanumfari da waɗansu 'yan ƙwayoyi da take ɓoyo a gwangwanaye, kowanne da lokacin shigarsa. Mu abin da muka sani da kori gari ne a kanti, a barbaɗa a wuce. Nata kullum sabo take dakawa, na kifi daban, na wake daban. Da la'asar ta soya samosa, ko wani ƙosai nasu mai albasa a ciki, ta miƙo min da zafinsa. Da guntuwar Hausarta da guntun Turancina na gane mahaifinta gidan abinci gare shi a bakin titin garinsu, inda direbobi da manyan mutane ke zama benci ɗaya. A gindin murhun nan ta girma.

Sai ta samu ciki, laulayi ya sa ta gaba. Duk abin da ta ci sai ya dawo, har ƙamshin girkinta ta daina iya shaƙa. Cikin wata biyu awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Likita ya ce wa mijinta in ba ta fara cin abinci ba, ko cikin ya tafi ko ita ta tafi. Na kai mata kunu, na kai fura, na kai faten tsaki, duk a banza. Ran nan ta riƙe hannuna tana hawaye ta ce abu ɗaya ranta ke so: gurasar tanderun babanta, da kazar da ake jiƙawa a kindirmo a gasa a ciki.

Innata maginiyar tukwane ce a Anka, kuma ba a haifi wanda zai gaya mata yadda ake yumɓu ba. Na je na ɗauko ta a a-kori-kura, da buhun yumɓunta, don ta ce ba ta yarda da ƙasar Gummi ba. Madam ta zana mata siffar abin a ƙasa da tsinke: kamar randa, babu gindi, da 'yar ƙofar iska a ƙasa. Inna ta kalla sau ɗaya ta ce, "Wanga na? Ai ko ina kwana ina gina shi."

Ta kuwa gina shi. Ya bushe a inuwa, aka gasa, aka kafa shi a bayan gidan Madam, aka cike gefensa da yashi da ƙasa. Ko tsaga ɗaya babu. Nan Madam ta ce saura a ciyar da shi: a daka alayyafo, a haɗa da kindirmo da man gyaɗa da mazarƙwaila da gishiri, a shafe cikinsa, a hura 'yar wuta, kwana uku ana maimaitawa.

Inna ta juyo gare ni. "Mi tac ce? Mazarƙwaila za a ba tukunya, ga mutane da yunwa? Shekara arba'in ina aikin ga, ban taɓa ba randa abinci ba."

Na yi lallashi, ta yi kamar ta yarda. Da na shiga ɗaki sallar azahar, sai ta zagaya ta wanke cikin tanderun da ruwan makuba a maimakon haɗin Madam, irin wanda take ƙarfafa daɓe da shi. Wai ta hutar da baƙuwa ɓarna.

Ranar gwaji Madam ta fito da ƙyar, ta kwaɓa fulawarta da kindirmo, ta manna gurasa ta farko a jikin bangon. Ta zame ta faɗa garwashi. Ta biyu ma haka. Ta ukun ta tsaya, amma da Madam ta kai ta baki sai ɗacin makuba ya tayar mata da amai. Ta koma ɗaki ta kwanta, ta juya fuska bango. Wallahi ranar na ji haushin Inna irin wanda ban taɓa ji ba, na kuwa gaya mata.

Inna ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, har ta koma ga Allah. Washegari da hantsi na same ta ta zura rabin jikinta cikin tanderun tana kankare shi da ɓallin fasasshiyar tukunya. Da ta gama ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Tahi ki ce ma ɗiyan nan ta hwaɗa min abubuwan, ɗai-ɗai." Ita da kanta ta tare Bafulatana ta zaɓi kindirmon da ya fi kauri, ita ta daka alayyafon, ita ta shafa, kwana uku, tana mita tana shafawa. Cikin tanderun ya koma baƙi sumul yana sheƙi.

Malam ya yanka kaza. Madam daga kwance ta nuna min yadda zan tsattsaga naman, in cuɗe shi da kindirmo da lemon tsami da barkono da kayan gwangwanayenta, ya kwana a ciki. Washegari muka tsire shi a dogayen ƙarafa muka jingina a tanderu. Ni na taso cikin ƙamshin tsire da balangu, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Naman ya yi ja, gefensa ya ɗan babbake, cikinsa kuwa ruwa-ruwa.

Saura gurasa. Madam ta miƙe za ta manna, hucin wutar ya buge ta, jiri ya ɗebe ta, muka zaunar da ita. Ni ko leƙa ramin na kasa. Sai Inna ta naɗe hannun rigarta, ta ɗora kwaɓin a kan gammonta, ta yayyafa masa ruwa yadda ta ga an yi, ta yi bisimilla ta zura hannu har kafaɗa. Gurasar ta kama. Wajen fitowa bakin tanderun ya lashe mata damtse, na ji ƙaurin fata. Muna kallo gurasar ta kumbura ta yi ɗigo-ɗigon ƙuna. Inna ta ɓamɓaro ta, ta shafa man shanu, ta ajiye a gaban Madam.

"Ci, ɗiyata."

Madam ta gutsura. Muka zuba mata ido muna jiran amai. Ta sake gutsura, ta haɗa da tsokar kaza, ta cinye tas. Can ta miƙa wa Inna farantin ta ce, "Inna, ƙara." Inna ta sake zura hannun nan da ya ƙone.

Madam ta haifi ɗiya mace lafiyayya da damina. Bayan 'yan shekaru abubuwa suka yi tsanani, Indiyawan suka tattara suka koma ƙasarsu, tanderun kuma ba ya ɗaukuwa. Na ci abincinsu a manyan gidajen abinci daga baya, da faranti mai kyau da ma'aikata masu farar riga, kuma ba laifi, sun iya. Amma ranar da Inna ta rasu ni na zuba ruwa wajen wankanta, da aka ɗaga hannunta na dama na ga tabon yana nan a damtsen, mai lanƙwasa daidai bakin tanderu. Sai da wata ta karɓi butar daga hannuna.